Sau uku ina neman gurbin karatun likitanci ban samu ba: in sake nema ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 21. Tun ina firamare ba ni da burin da ya wuce in zama likita, har a gida ba a kiran sunana, "Likita" ake ce mini, kuma mahaifina ne ya fara. Bana ne karo na uku da na nemi gurbi ban samu ba. A karon farko makina bai kai ba. A na biyu ya ƙaru, amma aka ba ni wani kwas na kimiyya, na ƙi karɓa. Bana na kai har matakin tantancewa na ƙarshe, sai sunana bai fito ba. Waɗanda muka gama sakandare tare wasu suna aji uku a jami'a. Na daina shiga mutane saboda tambayar "ya ake ciki?" Barci ya ƙaurace mini, in na buɗe littafi sai kuka. Baba ya ce in sake gwadawa, Mama ta ce in karɓi duk abin da ya samu. Ni kuma na fara tunanin ko dai ba ni da ƙwaƙwalwar ne. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Abin da ya same ki rashi ne, kuma ba zan ce miki ba komai ba ne. Duk wanda ya ce ki share hawaye ki wuce kawai, bai taɓa zama tsakar dare da waya a hannu yana bin jerin sunaye da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, ya koma sama ya sake bi ko idonsa ne ya tsallake ba. Kin yi haka sau uku, a gaban mutanen da kike jin nauyinsu. Dole abin ya yi ciwo.

Zan fara da maganarki ta ƙarshe, ta ƙwaƙwalwa, don ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Makarantar likitanci ba kamar sauran tsangayoyi ba ce da za a ƙara kujeru a aji a ce kowa ya shigo. Ɗalibin likita yana buƙatar gadon asibiti da majinyaci a kansa, da babban likitan da zai tsaya masa yana kallon yadda yake taɓa cikin mara lafiya, da ɗakin gwaje-gwaje, da ɗakin koyon sassan jikin ɗan Adam. Waɗannan abubuwa ƙidayayyu ne, shi ya sa a ƙasashe da yawa ake ƙayyade adadin ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. A Najeriya hukumar MDCN mai kula da likitoci ce ke yanka wa kowace makaranta adadinta. A Birtaniya gwamnati ce ke ƙayyade guraben. A Indiya sama da mutum miliyan 2 suka zana NEET, jarrabawar shiga likitanci, a 2023, alhali guraben digirin likita a lokacin ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba. A Amurka, inda sai mutum ya gama digiri na farko kafin ma ya nema, mutum sama da 52,000 suka nema a 2023, waɗanda suka shiga ba su kai 23,000 ba. Cikin waɗanda aka mayar gida a duk waɗannan wurare akwai dubbai da za su iya karatun sarai. Ba a ce musu ba za su iya ba. An ce musu wurin ya cika kafin a iso kansu.

Ban kawo miki wannan lissafi don lallashi ba, kuma ba ina nufin komai sa'a ce ba. Ina so ki daina tambayar "ina da ƙwaƙwalwa kuwa?" domin tambaya ce da ba ta da amsa, sai dai ta cinye ki. Ki koma tambayar da ke da amsa: a wace ƙofa ake tsayar da ni, kuma da tazarar nawa?

Ki sake karanta wasiƙarki. Kin rubuta ta kamar abu ɗaya ne ya faru sau uku, amma ba haka ba ne. Shekarar farko ba ki ma kai bakin ƙofa ba. Ta biyu kin kai inda jami'a ta ga kin cancanci gurbi a cikinta, sai dai ba a wannan kwas ba. Ta uku kin kai matakin ƙarshe. Matsawa kike yi. Abin da ban gani a wasiƙar ba shi ne alkaluma, kuma a nan aikin yake.

Ɗauki takarda ɗaya ki ja layi uku, kowace shekara da nata. Ki rubuta makinki na kowane darasi daban, bayoloji da kemistiri da fiziks da duk abin da aka gwada ki a kai, ba jimilla kaɗai ba. Ki rubuta makarantar da kika zaɓa. Sannan ki nemo abin da yawancin masu nema ba su sani ba: makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a wannan kwas a wannan shekara. Mafi ƙarancin makin da makaranta ke sanarwa izinin shiga layi ne kawai. Makin da ake samun gurbi da shi sau da yawa yana can sama nesa da shi, kuma a nan ne mutane ke shan mamaki, su ce "ai na haye makin da suka faɗa, me ya sa ba su ɗauke ni ba?" Ki je ofishin ɗaukar ɗalibai da kanki ko ki rubuta musu cikin ladabi, wasu makarantun suna faɗa wa mai nema inda ya gaza idan ya tambaya. Idan ba su faɗa ba, ɗaliban ajin farko sun san makin da suka shiga da shi, kuma ba sa rowar faɗa. Ki nemi sanin yadda ake haɗa makin, kashi nawa ne na babbar jarrabawa, nawa ne na sakamakon sakandare, nawa ne na tantancewa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma shekara guda ta fi ƙarfin a kashe ta a kan zato.

Idan kin cika takardar nan, za ta nuna miki abu ɗaya daga cikin 'yan abubuwa. Wataƙila darasi ɗaya ne ke jan ki ƙasa duk shekara. Wataƙila makinki ya isa a wata makarantar amma kin kafe a kan wadda kowa ke rububinta. Wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. A jami'o'in tarayya na Najeriya, misali, kashi 45 cikin 100 na guraben ne ake bayarwa bisa cancantar maki zalla, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a harkar ilimi, don haka maki ɗaya yana iya buɗe ƙofa a nan ya kasa buɗe ta a can. A Birtaniya makarantu huɗu kacal ake barin mutum ya zaɓa a likitanci, kuma kowacce da irin nauyin da take ɗora wa jarrabawar UCAT ta tantance masu neman likitanci, shi ya sa masu wayo ke zaɓen makarantar da tsarinta ya dace da inda suke da ƙarfi. Duk inda kike nema akwai irin wannan ƙa'ida. Wani lokaci kuma ba maki ba ne sam, takarda ce ba a ɗora a kan lokaci ba, ko suna ya bambanta tsakanin shaidu biyu. Ki duba wannan ma.

Ga hukuncina, kuma ba zan sassauta shi ba: kada ki nema karo na huɗu sai kin iya nuna mini da yatsa abin da ya canza tsakanin bana da baɗi. Ƙara dagewa ba canji ba ne. Na tabbata kin dage a duk shekarun nan.

Idan karatun ne, to ina zargin yadda kike yin sa, ba yawansa ba. Yawancin masu maimaita jarrabawa littafin bara suke sake karantawa, su ja layi a ƙarƙashin abin da suka riga suka ja wa layi, shafin ya zame musu sananne, sai su ɗauka sun iya. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan. Wasu ɗalibai suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Bayan mako guda, masu rufe littafi su gwada kansu ne suka fi tunawa, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya. Don haka ki mayar da tambayoyin shekarun baya su zama ainihin karatunki, da agogo a gabanki, daidai lokacin da ake bayarwa a ɗakin jarrabawa. Ki ware littafi guda na kurakurai. Duk tambayar da kika faɗi ki rubuta ta, ki rubuta dalili a gefenta: ban san abin ba, ko na sani na manta, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ya ƙure na yi canki-canka. Bayan mako uku ki ƙirga dalilan. Wadda yawancin kurakuranta na ƙurewar lokaci ne ba sabon littafi take buƙata ba, wadda kuma ba ta fahimci lissafin kemistiri daga tushe ba malami take buƙata, ba ƙarin daren da za ta raba ba barci ba.

Idan kuma a ganawar baki da baki kika tsaya bana, wannan ma koyonta ake yi. Makarantu da yawa yanzu suna amfani da tsarin da Jami'ar McMaster ta Kanada ta fito da shi, inda mai nema ke zagaya tashoshi, kowacce 'yan mintuna, a ba shi wani yanayi a ga yadda zai yi tunani. Ba haddar amsa suke nema ba. Ki sami wanda kike jin kunyarsa, ba ƙawarki ba, ya riƙa yi miki tambayoyi kina amsawa da baki, har muryarki ta daina rawa.

Yanzu maganar da Baba da Mama suka rabu a kai. Kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma ba dole ba ne ki zaɓi ɗaya ki jefar da ɗaya. Abin da ba na so shi ne ki sake zaman gida shekara ta huɗu ba abin da kike yi sai jira. Zaman jira ne ya kai ki inda kike yanzu: ba aji, ba abokan karatu, ba abin da za ki ce kin yi yau, duk darajarki ta rataya a kan jerin sunaye da ke fitowa sau ɗaya a shekara. Babu zuciyar da za ta jure haka. Ki karɓi wani karatu, ko ki kama wani aiki, ki nema daga ciki. Hanyar shiga likitanci ba ɗaya ba ce. Akwai ƙasashen da mai digirin kimiyya ke shiga kai tsaye ya tsallake shekarar farko, a Birtaniya akwai shirin shekara 4 na masu digiri, a Amurka kuwa matsakaicin shekarun masu fara karatun likita kusan 24 ne. Ke da kike 21 kina ganin kin makara, a wasu wuraren ba ki ma isa nema ba.

Sai dai ki kula da abu biyu. Masu cewa "shiga kawai, in kin yi shekara ɗaya za a canza miki kwas" sau da yawa ba su karanta dokar makarantar ba. A wurare da yawa canjin nan yana da wuya ƙwarai, a wasu ma babu shi, saboda adadin da aka ƙayyade ɗin nan bai bar wuri ba. Ki ga ƙa'idar a rubuce kafin ki dogara da ita. Na biyu, ki zaɓi kwas ɗin da in likitancin bai zo ba za ki iya rayuwa da shi ki yi alfahari, ba wanda za ki zauna a cikinsa da ƙafa ɗaya a waje kina faɗuwa jarrabawa ba. Sakamako mara kyau a digirin farko yana rufe ƙofar da kike son buɗewa da shi.

Akwai tambayar da nake so ki yi wa kanki ke kaɗai, ba a gaban kowa ba. Yarinyar firamare ce ta zaɓi wannan buri, ke kuma yanzu babba ce. Kin taɓa ganin aikin kusa da kusa? Ki nemi izini ki yi makonni kina taimakawa a asibiti ko kina bin wani likita. Ki ga ƙaramin likita da ƙarfe uku na dare yana neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, ya soka bai samu ba, uwar na kallonsa, ya sake sokawa. Ki ga yawan rubutun da yake yi, da zaryar karɓo sakamakon gwaji, da tsayuwar da yake yi a bakin ƙofa yana neman kalmar da zai faɗa wa dangin wanda bai tashi ba. Wasu in sun ga haka sai son abin ya ƙara kama su, kuma irin wannan son ne ke riƙe mutum shekara 6 na karatu da abin da ke bayansu. Wasu kuma sai su gane abin da suke so shi ne kula da mara lafiya, ko binciken cuta, ko girman da ake ba mai farar riga. Babu abin kunya a ko ɗaya, amma kowanne da hanyarsa. A wannan zagayen za ki ga ma'aikaciyar jinya da ta fi kowa sanin halin da majinyaci ya kwana, da ungozoma, da mai harhaɗa magunguna da ke kama kuskuren da likita ya yi a takarda, da masanin gwaje-gwaje da ba a yanke hukunci sai da sakamakonsa, da mai gashin ƙashi da ke tayar da wanda ya shanye. Ba na kawo su a matsayin ladan gaɓe. Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin da ta gano sinadarin atemisinin wanda ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a yau, ba likita ba ce, fannin magunguna ta karanta, kuma ta karɓi lambar Nobel ta fannin likitanci a 2015.

Idan bayan duk wannan zuciyarki ta ce likitanci, to ki nema, ina bayanki. Amma ki sa wa abin iyaka tun yanzu, kafin sakamako ya fito, lokacin da hankalinki ke kwance. Ki rubuta: zan sake nema sau kaza, in makina bai kai kaza ba zan riƙe abin da nake ciki hannu biyu. Ni da za ki bi tawa, sau ɗaya ne, da shiri na gaske, sannan ki bar ƙofar masu digiri a buɗe don gaba. Ki yi istihara, ki yi shawara, amma ki rubuta iyakar. Wanda bai sa ta ba, kowace shekara zai ce "saura kaɗan", kuma zai iya faɗar haka har shekara bakwai.

Game da Baba, ina jin bai san nauyin da sunan nan ya zame miki ba. Ƙauna ce ta sa ya raɗa shi. Ki same shi lokacin da yake shi kaɗai, ki tafi da takardar alkalumanki, ki nuna masa inda kike da inda ake ɗauka da abin da kika shirya yi. Iyaye sun fi samun natsuwa idan suka ga tsari. Sannan ki ce masa: "Baba, ina roƙon alfarma, a riƙa kirana da sunana har Allah Ya sa abin ya tabbata. Duk lokacin da aka ce Likita sai in ji kamar na ci bashin da na kasa biya." Idan bakinki ba zai iya ba, ki faɗa wa Mama ta isar. Su kuwa masu "ya ake ciki?", amsa ɗaya ta ishe su: "Ana nan ana ƙoƙari, a sa mu a addu'a." Ba ki da bashin bayani a kan kowa. Yawancinsu gaisuwa ce kawai suke yi, kafin su kai gida sun manta, ke ce kike kwana da ita. Ki koma cikin mutane, musamman ƙawayen nan da kike gudu. Wadda ke aji uku ita ce ta fi kowa sanin abin da za ta faɗa miki game da makaranta.

Rashin barcin da kukan ba zan bar su su wuce ba. Baƙin ciki bayan irin wannan labari daidai ne. Amma idan ya kai mako biyu ko fiye kusan kullum kina cikin ƙunci, abin da kike jin daɗinsa da ya daina yi miki daɗi, abinci ba ya shiga, kina ganin ba ki da amfani, to wannan alamun ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da ake magani. Ki ga likita ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko na gara mutuwa ya taɓa zo miki, kada ki jira mako biyu, ki faɗa wa Mama ko wani babba da kika yarda da shi a yau ɗin nan, a kai ki asibiti. Ko don jarrabawar ma, ƙwaƙwalwar da ba ta barci ba ta riƙe karatu.

Mai neman da ya gaji shi ne abincin 'yan damfara. Za a zo miki, ko a zo wa Baba, da maganar wani da ke da hanya, a kawo kuɗi a samo gurbi. Ku rufe ƙofa. Ko kuɗin ya tafi a banza, ko a sami gurbin bogi da za a gano bayan shekaru a kori mutum. Haka maganar karatu a ƙasar waje: hanya ce ta gaske, mutane da yawa sun bi ta sun dawo likitoci, amma kafin a biya ko sisi a tabbatar hukumar likitocin ƙasarku ta amince da makarantar, a san jarrabawar lasisin da ke jiran mutum in ya dawo, a lissafa kuɗin shekarun gaba ɗaya ba na shekarar farko ba. A duba zaman lafiyar wurin kuma. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun katse wa ɗaliban likitanci baƙi masu yawa karatu a tsakiya, wasunsu sun sha wuya kafin su sami inda za su ƙarasa.

Ki ba kanki mako biyu ba littafi, ki yi barci, ki ga likitan. Bayan nan ki cika takardar nan ta layi uku, ki aiko mini da ita tare da sunayen kwasa-kwasai biyu da kike ganin za ki iya zama da su, mu duba tare kafin a buɗe neman gurbi na baɗi.